Fuskata Aka Ɗauka Aiki

Jama'a, yau ba zan ja ku da doguwar gaisuwa ba. Waɗanda suka saba karanta ni sun san ni da surutu da barkwanci, to yau bakina ɗaci yake yi. Wanda kuma yau ya fara cin karo da ni, ga ni a gurguje: ni ce autar gidanmu, shekarata ashirin da huɗu, na yi karatun koyarwa a ƙaramin garinmu, na zauna shekara biyu a gida ina kaɗe wa takarduna ƙura kamar kayan ado. Umma ta gaji da ganina a zaune, ni ma na gaji da ganin tausayi a idonta. Sai Yayata da ke aure a babban birni ta kira ta ce, "Auta, tattaro ki taho. Nan kowane lungu makaranta ce, ba za ki rasa ba."

Na taho da akwati ɗaya da mayafai huɗu. Gidan Yaya a hawa na uku yake, ɗaki biyu da falo, aka ba ni gadon ƙasa a ɗakin yara. Tagar ɗakin bangon maƙwabta take kallo, ƙarar motoci kuwa ba ta hutawa.

Kwana huɗu da saukata, ina wanke-wanke, wayata ta yi ƙara. Muryar wata mata ce, a nutse.

"Ki zo gobe ƙarfe tara, za mu gan ki."

"Daga ina, don Allah?"

Ta faɗi sunan makarantar da kwatance, ta kashe. Na fito falo da kumfa a hannu.

"Yaya, ni fa ban kai takarduna ko'ina ba tukuna."

Ba ta ɗago daga tsintar shinkafar da take yi ba. "Abban yara ne ya rarraba miki, har da hotonki. Ke dai ki gode wa Allah, wasu shekara suke yi suna yawo da fayil."

Na gode masa kuwa. Na goge doguwar rigata ruwan toka har sau biyu.

Makarantar ginin bene ce mai launin madara, da ƙaramin fili da lilo biyu. Ina sa ƙafa a get maigadi ya miƙe zumbur, rediyon da ke cinyarsa ta faɗi ƙasa. Na yi masa sallama, bai amsa ba, leɓensa kawai ke motsi. Na ce a raina, mutanen birni ke nan, gaisuwa ma wahala take ba su.

A ofis, Shugabar makarantar ta karɓi fayil ɗina ta ajiye gefe. Wallahi ba ta buɗe ba. Mace ce mai jiki, da zobba a yatsu uku. Ta daɗe tana kallona har na fara tunanin ko hoda ce ta yi mini yawa.

"Juya ki kalli ƙofa."

Na juya.

"Kina sa tabarau?"

"A'a, ranki ya daɗe, idona ƙalau."

"Uhm." Ta sauke numfashi. "Aji uku za ki riƙe. Litinin ki fara."

Shi ke nan. Duk haddar da na kwana ina yi kan yadda ake tsara darasi da yadda ake tafiyar da yaro mai ƙiriniya, ko tambaya ɗaya. Na fito ina murna kamar in tashi sama. Ku faɗa mini gaskiya, ku da kun tsaya bincike?

Ranar Litinin na shiga aji uku da fara'ata da sabon alli a hannu. Yara talatin da biyu. Duk wanda ya taɓa shiga ajin 'yan shekara takwas ya san sai ka buga tebur kafin ka ji muryar kanka. Waɗannan kuwa ina shiga suka yi tsit, tsit ɗin da har fankar sama nake ji tana ƙiƙi-ƙiƙi. Na ce, "Ina kwananku?" Babu wanda ya amsa. Wata yarinya a baya ta kifa kai a benci ta fashe da kuka.

Na daure na ja kujera na zauna, na jawo durowar tebur in ajiye jakata. A ciki akwai tabarau mai baƙin firem, da man shafawa na hannu an sha rabinsa, da littafin tsara darasi. Na buɗe. Rubutu mai kyau, a tsaye, ya zo tsakiyar wani shafi ya yanke a tsakiyar jimla. Na mayar na rufe durowar a hankali kamar wadda ta leƙa ɗakin mutane ba sallama.

Da na fara kiran suna, kowa ya amsa a sanyaye sai yarinya ɗaya, siririya mai manyan idanu. Na sake kira. Ta kusa da ita ta ce, "Malama, Lele ba ta magana." Lele suke ce mata. Da aka tashi cin abinci duk suka fita, ita ta taso ta tsaya kusa da kujerata, ta kama bakin mayafina da yatsa biyu. Ba ta ja ba, ba ta saki ba. Haka muka zauna har aka buga ƙararrawa.

Na tambayi malamar aji huɗu ina wadda nake maye wa gurbi. Ta ce, "Malamai uku aka gwada kafin ke, ba wadda ta zauna," ta wuce da sauri kamar ta bar tukunya a wuta.

Da aka tashi ne na fara ganin mahaifin Lele. Injiniya kowa ke ce masa. Dogo ne, farar riga mai dogon hannu, furfura kaɗan a gemu. Ya fito daga mota, ya hango ni riƙe da hannun 'yarsa, ya tsaya cak. Sannan ya ƙaraso ya gaishe ni da ladabin da ban saba gani a wurin iyayen yara ba.

"Malama, sannu da ƙoƙari. Mahaifiyarta ta rasu wata bakwai da suka wuce, tun ranar ba ta ƙara furta kalma ba. Yau ne na fara ganin ta riƙe hannun wani."

Tausayi ya kama ni. Da ya nemi lambata saboda aikin gida, na ba shi ba tare da na yi tunani ba.

Saƙon farko: "Na gode da kula da Lele." Na biyu, bayan kwana biyu: "Yau ta cinye abincinta duka. Albarkacinki ne." Na uku: "Kin isa gida lafiya? Hanyar nan da cunkoso." Kafin wata ya ƙare na koma duba waya kafin in wanke fuska da safe. Kada ku zarge ni. Mutum ne mai sanyin magana, bai taɓa rubuto mini abin da zan ji kunyar nuna wa Umma ba. Ni kuma baƙuwa ce a garin da ko maƙwabcinka bai san sunanka ba.

Wata Asabar da la'asar ya zo gidan Yaya. Yaya ta sa aka goge falo har ƙarƙashin kujeru, ta fito da kofunan da ba ta bari yara su taɓa. Na sa doguwar riga ruwan hoda, na kawo shayi. Ina zuba sukari cokali biyu a nawa sai ya ce, yana murmushi, "Yaushe kika fara shan sukari?"

Na ce, "Ai ni tun ina yarinya."

Murmushin ya tsaya a fuskarsa bai tafi ba. "Haka ne. Yi haƙuri."

Da zai tafi ya bar leda: koren mayafi mai laushi da ƙaramar kwalbar turare. Yaya ta shinshina ta yi guɗa ƙasa-ƙasa, nan take ta kira Umma ta sa wayar a lasifika.

"Umma, addu'arki ta ci. Mutumin kirki, mai sana'a, 'ya ɗaya tal, kuma yarinyar ta liƙe wa Auta kamar cingam."

Umma ta ce, "Alhamdulillahi. Auta, kada ki yi mini wasa da wannan. Ni dai burina in ga kin zauna a ɗakinki kafin in rufe ido."

Na ce to. Me zan ce?

Ranar Lahadi da yamma saƙonsa ya shigo: "Gobe ki sa koren. Ki yafa shi ta kafaɗar hagu, ya fi yi miki kyau."

Ni ta dama nake yafa mayafi tun da na fara sawa. Amma na yi yadda ya ce, na fesa turaren, na tafi.

Ina hawa matattakala na ci karo da Iya mai shara, tsohuwar da ke goge barandar sama. Kullum idan na gaishe ta kanta a ƙasa take amsawa. Ranar ta ɗago, ƙamshin ya isa gare ta, sai sandar gugar ta suɓuce ta gangara ƙasa tana ƙara.

"La'ilaha illallahu. Har turaren suka ba ki?"

"Iya, wane turare? Su wa?"

Ta waiga hagu da dama, ta kama wuyan hannuna da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba, ta ja ni ɗakin ajiyar da ke ƙarƙashin bene, inda ake tara karyayyun kujeru. Ta tura hannu bayan wani tsohon allo ta zaro hoto mai firem, ta goge da gefen zanenta, ta miƙo mini.

Hoton aji ne. Yarana ne, duk na gane su, ga Lele a gaba tana dariya har da giɓi. A tsakiyarsu malama ce zaune da tabarau mai baƙin firem da koren mayafi ta kafaɗar hagu.

Jama'a, ni ce. Goshina ne, hancina ne, har ɗan karkatar da kai da nake yi idan za a ɗauke ni hoto. Sai da na kai hannu na taɓa fuskata. Na zauna a kan karyayyen benci.

"Uwar Lele ke nan," in ji Iya. "Ita ke riƙe da ajinki. Shugaba kuma yayar Injiniya ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ranar da hotonki ya zo ofis ina ciki ina shara, na ji ta kira shi ta ce, zo ka ga ikon Allah."

"Me ya kashe ta, Iya?"

Ta karɓe hoton ta mayar inda yake. "An tara mu an ce ta rasu a garinsu. Abin da aka ce mana ke nan. 'Yar nan, ni ma cin abinci nake nema a nan, kada ki ce daga bakina kika ji."

Yadda na koyar ranar, Allah kaɗai ya sani. Na rubuta lissafi a allo ina jin idanun yara talatin da biyu a bayana, na san ba ni suke kallo ba. Ashe wata guda yaran nan suna zaune gaban malamarsu da aka ce musu ta mutu, babu babban da ya tsaya ya yi musu bayani.

Ina shiga gida na cire mayafin na jefa kan kujera.

"Yaya, kin sani?"

Ta ci gaba da ninke kayan yara.

"Kin sani kika bar ni ina yawo cikin kayan matacciya?"

"Ke, rage murya. Abban yara ya faɗa mini bayan an ɗauke ki. To sai me? Kama daga Allah take. Wata da kuɗinta ake sonta, wata da danginta, ke da fuskarki. Wanne ne haram a ciki?"

"Ba ni yake so ba, Yaya."

"So! Auta, shekara biyu kina zaune wa ya ƙwanƙwasa ƙofarmu? Kin samu aiki, kin samu miji, marainiya ta samu uwa. Ranar Lahadi manyansa za su zo su ga Abban yara, Umma ta riga ta sani. Idan kin isa, ke ki kira ta ki ce kin fasa, ki ji yadda jininta zai hau."

Na shiga ɗaki na zauna bakin gado. Wayata ta yi haske: "An ce yau kin yi kyau ƙwarai. Na gode." Na kifa ta. Wa ya ce masa?

Na yi tunanin tattara akwatina in koma gida. Amma in gaya muku gaskiya, aikin nan ya riga ya shiga raina. Akwai yaron da na samu ba ya iya haɗa baƙi biyu, yanzu yana karanta jimla. Akwai 'yan biyun da suka daina faɗa saboda na raba musu benci. Da fuska aka ɗauke ni, na yarda, amma wannan ba fuska ce ta yi shi ba.

Ranar Talata ban je ba, na ce kaina ke ciwo, kuma ba ƙarya na yi ba. Ranar Laraba na sa tsohon mayafina ruwan toka, na yafa ta dama, ban taɓa turare ba. Na shiga aji na rufe ƙofa, na bar allin a tebur, na jawo kujerata tsakiyar yaran na zauna.

"Yau ba za mu fara da lissafi ba. Ina so ku kalle ni da kyau. Na san ina kama da malamarku ta da. Shekaranjiya na sani. Amma ni ba ita ba ce. Garinmu daban, mamata daban, kuma ni idan na yi waƙa kare ma guduwa yake yi."

Wani ya yi dariya ya toshe baki. Yarinyar da ta yi kuka ranar farko ta ɗaga hannu.

"Malama, to ke ba fatalwa ba ce?"

"Zo ki mintsine ni."

Ta zo ta mintsine ni da gaske, na yi ƙara, ajin ya fashe da dariya. Karo na farko ke nan da na ji hayaniyar aji uku, har malamar aji huɗu ta leƙo. Suka yi ta jefo tambayoyi: ina garinmu, ina da mota, me ya sa ba na sa tabarau. Na amsa duka. Ban taɓa jin ni malama ce ba sai ranar.

Da aka fita cin abinci, Lele ta taso kamar kullum. Amma ba ta kama mayafina ba. Ta matso daf da kunnena, na ji ɗumin numfashinta, sai wata 'yar murya a dushe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba, ta ce:

"Na san ba ke ba ce. Mamana ran Laraba take zuwa."

Na rasa wanne zan fara ji, murnar ta yi magana ko tsoron abin da ta faɗa.

"Lele, ina take zuwa?"

Ta nuna taga da yatsa. Na leƙa: titi ne, da rumfar jiran bas a tsallake, babu kowa sai mai sayar da jarida. Na rungume ta na ce a raina, Allah sarki, kewa ce ke nuna wa yarinya abin da babu.

Duk da haka da aka buga ƙararrawar tashi, ƙarfe biyu saura, rana tsaka, na sake leƙawa. Wata mata na tsaye a rumfar, da baƙar lema da takunkumi a fuska. Bas ta zo ta tsaya, ta tafi, ba ta shiga ba. Wata ta zo, ba ta shiga ba. Tagar ajina kawai take kallo.

Na damƙa Lele a hannun malamar aji huɗu, na sauka, na wuce maigadi, na tsallaka titi ban ma duba mota ba. Da ta ga na nufo ta, ta yi kamar za ta gudu, sai kuma ta tsaya. Na yi sallama. Ta amsa, ta sa hannu ta sauke takunkumin.

Kun taɓa kallon madubi ya nuna muku yadda za ku koma bayan doguwar jinya? Ta fi ni rama, ƙasan idonta ya yi baƙi, amma ko makaho ya shafa zai ce ciki ɗaya muka fito.

"Ashe gaskiya ne," ta ce. "An ce mini sun samo wata."

"An ce kin rasu."

"Na sani. Asibiti aka kai ni, kaina ne ya taɓu bayan na yi ɓari. Wata huɗu na yi. Na fito na tarar da takardar saki a hannun mahaifiyata, 'yata kuma an ce mata na mutu, wai ya fi mata sauƙi a kan ta taso ana nuna ta ana cewa 'yar mahaukaciya." Ta dube ni. "Zai ce miki ba ni da hankali. Akwai lokacin da gaskiya ne. Yanzu ina shan magani, ina lafiya. Ba mijin na zo nema ba, ki riƙe in kina so. Ki faɗa mini kawai, tana cin abinci?"

"Tana ci." Na matsa kusa da ita. "Yau ta yi magana."

Ta toshe baki da hannu. "Me ta ce?"

"Ta ce mamanta ran Laraba take zuwa."

Lemar ta faɗi ƙasa. Ta durƙusa a wurin tana kuka marar sauti, ni ma na durƙusa na dafa ta, masu jiran bas suna kallonmu suna kallon juna.

A nan wayata ta fara ruri a jaka. Na ciro. Injiniya. Na ɗaga kai, ga motarsa a bakin get, gilas a rufe, injin a kunne. Matar ta ga sunan a fuskar wayar, ta yi saurin mayar da takunkuminta.

"Don Allah kada ki ce kin gan ni. Zai canja mata makaranta. Ke ma za su kore ki."

Na san gaskiya ta faɗa. Na tuna Umma, na tuna Lahadi, na tuna yarana talatin da biyu da yau kaɗai suka fara dariya a gabana. Na hango Lele a barandar sama, ta kama ƙarfen da hannu biyu, tana kallon mu ukun. Wayar ta katse, ta sake shigowa. Na ɗauka.

"Malama," ya ce, da sanyin muryar nan tasa, "na hango ki a tsallake. Da wa kike magana?"

Na miƙe, na kama hannun matar na tashe ta tsaye, ban saki ba.

"Da mahaifiyar ɗalibata nake magana, Injiniya. Ta zo jin yadda karatun 'yarta yake."

Sai ƙarar injin ta mutu, ƙofar motar ta buɗe.